Tarakta a Tsakiya, Hauwa a Kusurwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar bikin ƙanwata Saratu, ranar da matan ƙauyenmu suka karance zuciyata da rana tsaka.

A waya na ga abin. Wai mutum ya samo allo, ya liƙa hotunan duk abin da yake fatan samu, ya riƙa kallo kullum da safe. Masu bayanin sun ce ɗan kwali madaidaici ya isa. Ni kuwa na ce burina ya fi ƙarfin kwali. Ranar kasuwar Ɗambatta na sa kafinta ya yanko mini falanki, tsayinsa kusan ƙyauren zaure. (Ya tambaye ni ko shago zan buɗe, na ce masa e.)

Sai tsari. Tarakta na sa a tsakiya, ƙatuwa, ja wur. Can sama Ka'aba, dama injin ban-ruwa, hagu gidan bulo. Da na gama, sai na ga saura ɗan gurbi a ƙasa, gefen hoton wata akuya. Nan na liƙa Hauwa, 'yar maƙwabcinmu, wadda na daɗe ina so amma bakina ya kasa furtawa. Daga hoton taron Islamiyya na yanko ta, duk ba ta fi babban yatsa ba.

Na ɗauko allo zan shiga ɗaki, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Na karkata shi, na kwantar da shi, ina! Dole na jingine shi a bayan rumbu, fuskarsa na kallon katanga.

Ranar biki aka rasa inda za a jera kwanonin waina. Gwaggo Laraba, wadda ba abin da ke ɓoye mata a gidanmu, ta hango katako, ta sa aka ɗora shi kan turame biyu. Hotuna a sama.

Na shigo ɗauke da buhun ruwan leda, na tarar da mata sun yi wa allon da'ira. Inna Talatu, mahaifiyar Hauwa, ta sunkuya tana ƙare wa kusurwar ƙasa kallo.

"Zo nan, ɗan nan," in ji ta. "Wannan ba Hauwata ba ce?"

"Ita ce, Inna."

"To, liƙa ta da ka yi bai dame ni ba. Amma fisabilillahi, a ce akuya ta fi 'yata girma?"

Gida ya kece da dariya, wata tsohuwa har da guɗa. Hauwa ta ja mayafi ta rufe fuska ta fice. Ni kuwa na tsaya, buhu a ka, ruwa na ɗigo mini a wuya. Na ce shi ke nan, na rasa ta tun ban nema ba.

Washegari Baba ya kira ni zaure. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Tarakta dai ba ni da ita. Ɗayar kuwa, gobe kawunka zai je gidansu."

Bayan girbi aka ɗaura mana aure, alhamdulillahi. Darasin da na samu kuwa shi ne, in kana son 'yar mutane, buɗe baki ka faɗa. In ka tsaya nuƙu-nuƙu, gwaggonka ce za ta yi maka sanarwa, kuma ba za ta zaɓi rana mai ƙarancin jama'a ba.