Saniyar Ramatu Ta Tafi Taron Duniya

Jama'a, yau da hantsi aka hana ni gaisawa da saniyar gidana saboda ba ni da kati a wuya. Na yi sammako daga ƙauyenmu na gefen Lambara zuwa Bodinga neman man babur, na tarar layi a gidan mai ya miƙe har ya sha kwana, motocin wani kwamiti kuwa suna shiga ta ƙofar fita suna cika tanki. Da ɗan abin da na samu wurin 'yan bumburutu na lallaɓa har bakin Gonar Zamani da ke kan hanyar Shagari. Mai gadi ya tare ni da sanda.

"Malam, ina katinka?"

"Wane kati? Saniyarmu na ciki, dubinta niz zaka yi."

"Ba a shiga sai da kati. Hakanga anka ce muna."

"To ita wa yab ba ta kati?"

Ya nuna da bakin sanda. "Ita tana da nata, ga shi can ga kunne."

Na leƙa. Ga ta can kuwa da wata rawayar roba a kunne, ta kafa ido tana kallon hanyar gida. Ashe a duk zuri'armu saniya ce za ta fara zama wakiliya.

Bari in warware muku. Manyanmu, Allah ya ƙara wa rigunansu faɗi, sun ƙudura shirya taron masu kiwon shanu na ƙasa da ƙasa. Baƙi za su zo daga ƙetaren teku, a sha jawabi, a ci kaji, sannan a zagaya da su Gonar Zamani su ga irin ci gaban da muka yi. Gonar nan tun ina da baƙin gemu aka buɗe ta da kiɗa da tafi. Tana da allo mai kyau, tana da ƙofa, tana da mai gadi. Abu ɗaya kawai aka manta a zuba mata, wato shanu.

Kwamitin shirya taron dai bai yi barci ba. Shugabansa, Uban Shirye-shirye, ransa ya daɗe, ya kwashi tawaga suka haye jirgi don su gano yadda ake shirya taro a ƙasashen waje. Suka dawo da ilimi cike da akwatuna. Aka shafa wa itatuwan bakin titi farar ƙasa, aka cike ramukan hannun da baƙi za su bi, na hannun dawowa aka bar wa Allah. Aka ba da kwangilar kewaye gona da shingen ƙarfe. Sai ana dab da taro wani mai kaifin basira ya tambaya, to me baƙin za su kalla?

Nan aka turo mana Mainasara, ɗan ƙauyenmu ne, amma tun da ya samu riƙe wa kwamiti jaka ya daina zama a tabarma. Ya zo da sallama har zaure, ya ce aron shanu ake yi gida-gida, kwana biyu kacal, kuma ta gidana aka fi so. Gaskiya ne, farar bokolo ce mai tozo, in tana tafiya sai ka tsaya. Sai dai ba tawa ba ce. Ta maiɗakina ce, Ramatu, tun tana 'yar karsana mahaifinta ya ba ta, ga shi kuma saniyar ba ta daɗe da haihuwa ba.

Ramatu ta yi magana daga bayan zana. "Ɗan maraƙin fa? Tare za su tahi?"

"A'a, Inna Ramatu, manya sun ce ban da ƙanana. Kuka su kai, kuma suna ɓata hoto."

"To mi za shi sha?"

"Kwana biyu na fa! Kuma in anka ƙare, allura za a yi mata ta haihi ɗan Turai, ga buhun dusa kyauta."

Ku da kuke zaune a ƙasar nan kun san aron manya. Sunansa aro, amma ba a cewa a'a. Mota ta zo ta ɗauki uwa, ɗa yana turke yana kuka.

Kwana biyun kwamiti kuwa ba irin namu ba ne. Aka ɗage taro saboda ba a gama ɗinka hulunan masu tarbar baƙi ba. Aka sake ɗagewa saboda Uban Shirye-shirye ya koma ƙetare tunatar da baƙi kada su manta. Aka ce shanu su zauna su saba da wuri. Labari ya iske mu cewa an sayo injin tatsa don a burge baƙi, aka maƙala wa saniyar Ramatu, ta ɗauke nononta ƙaf, don saniyarmu ta nan ba ta sakin nono sai ta ji bakin ɗanta. Maimakon a kai mata ɗan, sai aka kafa ƙaramin kwamitin nono. Shi kuma bayan dogon nazari ya ba da shawara a dama madarar gari a bokiti, a ajiye gefen inji. Ku faɗa mini wace ƙasa ce ke da irin waɗannan hazikai.

Dariya nake ba ku, amma a gidana ba a dariya. Maraƙin nan ya ƙi kunu, ya ƙi nonon akuya, haƙarƙarinsa duk sun fito. Jiya ko miƙewa sai an tallafe shi. Ramatu tana zama gabansa da buta tana ɗiga masa ruwa a baki, tana lallashinsa kamar jika. Na tsorata, wallahi, don na ga abin yana shirin mutuwa a gabanmu, uwarsa tana can tana jiran hoto. Shi ya sa na tafi yau in roƙa a ba ni ita ko na yini ɗaya, aka ce sai da kati.

Na dawo hannu rabbana na ba Ramatu labari. Ta yafa mayafi ta leƙa gidan maƙwabcinmu Attahiru, mai amalanken jaki.

"Attahiru, ɗaura jakinka. Tunda uwa ba ta zakuwa, ɗa shi ka zuwa."

"Inna, ba su barin mu shiga."

"Wa yac ce shiga za mu yi? Bayan shinge hanyar kowa ta."

Muka shimfiɗa buhu, muka kwantar da maraƙi, Ramatu ta zauna ta ɗora kansa a cinya. Ni da nake da babur na bi jaki a ƙafa, don man ya ƙare.

Faɗuwa ta zo daidai da zama, ashe yau ake gwajin yadda za a zagaya da baƙi. Ga rumfa, ga lasifika. Uban Shirye-shirye yana gaba, rigarsa tana sharar ƙasa, Mainasara kuma an kifa masa malafa an ce shi ne baƙon ƙetare, yana gyaɗa kai yana cewa abin ya yi kyau tun ba a nuna masa komai ba. Muka zagaya ta baya muka tsaya jikin shinge. Ina jin lasifika tana cewa waɗannan shanu duk a gonar nan aka haife su, nan suka tashi, ba su san wani gida ba.

Daidai nan maraƙi ya ɗaga kai ya yi kuka. Ba wani kuka ba ne, ni da ke kusa da ƙyar na ji. Amma uwar ta ji. Ta amsa da wata murya da ta shanye lasifika, ta ɗaga wutsiya, ta ratsa tsakiyar kwamiti ta nufo mu. Na ce shi ke nan, yanzu za ta karya wuya a jikin ƙarfe. Ta sa ƙirji ta tura. Jama'a, shingen ƙarfe ya kwanta kamar tsohon zana a damina! Ashe sandunan darbejiya ne aka shafa musu fentin azurfa, aka ja musu siririyar waya irin ta shanya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to shanu kuma sai shinge ya faɗi suke samun wurin fita. Garken nan kaf ya biyo baya. Shanun da ba su san wani gida ba kowace ta kama hanyar gidansu, wasu suka miƙe Dandin Mahe, wasu suka yi arewa wajen Sifawa, ko waiwaye babu. Baƙon ƙetare ya yar da malafa yana bin su yana rantsuwa da Sakkwatanci tsantsa.

Mu dai ba mu kalli wannan ba. Muka sauko da maraƙi, na riƙe shi da hannu biyu don ƙafafunsa rawa suke, ya laluba ya kama. Uwar tana lasarsa, nono yana zuba har ta gefen bakinsa. Ramatu ta juya baya tana share ido da bakin mayafi, ni ma na ce ƙura ce ta shigar mini. Na ji daɗi irin wanda na daɗe ban ji ba.

Bayan la'asar Mainasara ya zo zaure, ba malafa, wai a taimaka a mayar da wakiliya.

Ramatu ta miƙo masa rawayar robar ta saman zana. "Ga katinku. Ka ce ma manya ta gode, ta yi murabus."

Saboda haka ina so in yi amfani da wannan fili in miƙa godiyar iyalina ga ɗan kwangilar shinge, duk inda yake. Da ya ji tsoron Allah ya sa ƙarfen gaske, da yanzu muna haƙa rami a bayan gida. Na ji an sake ɗage taro, kuma za a ba da sabuwar kwangilar shinge. Don girman Allah a mayar wa mutumin nan, ya san aikinsa. Attahiru ma yana goyon baya, don ya ji ƙishin-ƙishin baɗi taron masu jakuna za a yi.