Rasuwar Gwaggo, Kwamfutar da Ba Ta Taɓa Mayar da Kowa Bahago Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, amma da kai a ɗage, Malama Dibora Sama'ila, malamar kwamfuta a nan Haɗeja, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka daɗe suna jiran wannan rana, rasuwar kwamfutarta wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, a ofishin ƙungiyar manoman fadama, bayan doguwar jinya da ta ɗauka ba tare da raki ba. Ta rasu tana da shekara goma sha bakwai a duniya, goma sha ɗaya daga ciki a hannun Dibora. Sanarwar ta makara da mako uku, kuma akwai dalili, wanda ya yi haƙuri zai ji shi.

Marigayiya ba 'yar gata ba ce. A gwanjon kayan wani ofis aka tsinto ta, baƙar akwati mai nauyi, da tabon kofin shayi a tsakiyar ka. Amma mace ce mai tsari. Da safe in an danna mata sai ta ce "ƙit" sau ɗaya, gaisuwarta ke nan, ba ta ƙari. Fankarta ta ɗauki "wuuuu", faifanta ya bi da "ƙurr, ƙurr, ƙurr", mutum ya samu lokacin shimfiɗa takardu da shan ruwa kafin ta gama shiri. Sauri dai ba ta da shi, wannan ba a musu. Sai dai ba ta taɓa tsayar da aiki a tsakiya ta ce sai an sabunta ta ba, ba ta taɓa neman intanet ba, kuma abin da aka ba ta ajiya shi ake tararwa.

Duk wanda ke noma a fadamar Haɗeja ya san halin ruwa. In ya zo ba ya tambayar iyakar kowa. Kunyoyi, turaku, gambar da aka dasa don shaida, duk sai ya share, in ya janye ya bar laka shimfiɗe, maƙwabta su tsaya suna kallon-kallo. Kafin zuwan Gwaggo ba a rasa fasasshen kai kowace kaka. Shi ya sa ƙungiya ta kafa doka: kafin ruwa, kowane manomi ya tsaya a gonarsa, kogi a bayansa, ya miƙa hannu ya nuna abin da ruwa ba ya ɗauka, giginya ce ko tsamiya, a ɗauke shi hoto. In ruwa ya fara janyewa a buga hoton a kati a ba shi. Abin da kati ya nuna shi ne hukunci, babu ɗaukaka ƙara.

Manhajar da ke buga katin, Dibora ce ta rubuta ta da hannunta a jikin marigayiya. Ga waɗanda ba sana'arsu ba ce: mai rubuta manhaja ba ya ƙera komai da komai. Akwai kundin umarni da wasu suka riga suka tsara, ana ce masa laburare, akwai mai buɗe hoto, akwai mai warware shi in an matse shi. Yawancin manhajoji aron waɗannan suke yi a duk kwamfutar da suka sauka, in ba su tarar ba su noƙe, su ce a je intanet a nemo. To wace intanet a ƙauyukan bayan Kirikasamma, ruwa ya yanke hanya? Dibora ta ƙi wannan zaman na cin arziki. Sai ta ɗinke laburaren duka a cikin manhajar, ta zama fayil guda mai tafiya da guzurinsa, a zuba shi a 'yar ma'ajiyar aljihun nan da ake kira filasha, a kai shi ko'ina, ya kama aiki bai roƙi kowa komai ba. Mai wannan ɗinki, wanda ake kira linka, a jikin Gwaggo yake zaune shi da laburaren, kuma shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jin kansu ba.

Aibi ɗaya ne a lamarin, shi ma ba na marigayiya ba ne. Dibora ta dasa shekara da sunayen fadamu a cikin manhajar kanta, don haka duk kaka sai an sake ɗinki. Ta amsa wannan laifi, ba sai an tuna mata a wurin makoki ba.

Ciwon ajali ya soma ne da damina. Danshi ya kama ɗakin, bango ya riƙa gumi, fankarta ta koma "kar-kar-kar". Agogonta ya ruɗe, kullum ta farka tana ganin ana cikin shekarar da aka ƙera ta. Aka canza mata batirin agogo, aka busa mata iska, aka ɗora ta kan bulo biyu, ta ɗan ji dama. Sai a Talatar nan aka kawo wuta da ƙarfi, irin kawowar nan ta ba sallama. Ta ce "ƙiiit, ƙiiit, ƙiiit", uku masu tsawo, warin ƙuna ya tashi, allo ya yi baƙi. Dibora ta danna, ta sake dannawa, ta zauna a ƙasa ta yi kuka, kuma ba ta jin kunyar kowa ya sani. Ko kati ɗaya na bana ba a buga ba, ga ruwa ya fara janyewa.

Sakataren ƙungiya, Malam Abdulmannan, wanda shekara uku ke nan yana cewa a ba 'yan gwangwan wannan tsohuwa, ko gaisuwa bai yi ba. Wata sabuwar kwamfuta siririya ya dire a kan tebur, ya ce ai yanzu an huta. An huta ɗin! Faifan Gwaggo ya tsira, aka kwashe abin da ke ciki aka zuba wa baƙuwa. Dibora ta ce a ɗinka, linka ya zazzago mata ƙorafi ɗari biyu da goma sha huɗu a jere, kowanne yana cewa an kira sunan wani aiki amma bai ga mai shi ba. Ashe laburaren da aka gina a jikin Gwaggo ma'aunin da ne, wanda masu sana'ar ke kira na talatin da biyu, kayan aikin baƙuwa kuwa na sittin da huɗu ne, ba sa ko ga-maciji. Sai da ta nemo asalin rubutun laburaren ta sake gina su ɗaya bayan ɗaya. Ƙorafi ya sauko zuwa tara, ya kafe a nan kwana huɗu cur. Dibora ta rame, ta daina amsa gaisuwa da fara'a, ɗalibanta suka koyi shiga aji da sanɗa. Sai a rana ta tara ta gano inda gizo ke saƙa: linka mai bin layi ne, ba ya waiwaye. Ita kuwa ta sa laburaren warware matsi a gaba, na hoto a baya, alhali mai buƙata shi ke fara shiga, mai biya masa buƙata ya biyo. Gwaggo ta riƙe wannan jeri a saitinta tun tuni, ba ta taɓa yi wa kowa gori ba. Aka musanya musu wuri, ƙorafi ya ɗauke ɗif.

Murna ba ta kai azahar ba. Katin gwaji ya fito daga firinta da manomi kai a ƙasa, ƙafafu a sama, laka tana shawagi inda ya kamata gajimare ya kasance. Dibora ta gane ciwon nan take: sabon laburare yana miƙa layukan hoto daga sama zuwa ƙasa, ɓangaren bugawa kuwa yana jera su daga ƙasa zuwa sama. Ta ce da sakatare kada a taɓa komai, tana da tsaron jarrabawa kwana biyu, in ta dawo za ta gyara. Sau biyu ta faɗa, a gaban shaidu.

Shi kuwa Malam Abdulmannan, da yake Allah ya ba shi basira, ya ce wannan ai ba sai an jira mai digiri ba. Ya duba ya ga manhajar na da madannin juya hoto, ya danna sau biyu, hoto ya kewaya rabin da'ira, kai ya koma sama. Ya buga kati arba'in na fadamar da ruwa ya fara saki, ya raba a ranar. Abin da bai sani ba shi ne, hoton ba juyawa ya yi ba, kifewa ya yi. In aka kewaya kifaffen hoto, sama da ƙasa za su daidaita, amma dama ta koma hagu, hagu ta koma dama.

A cikin arba'in ɗin akwai 'Yar'azumi, wadda mijinta ya rasu bara ya bar mata marayu huɗu da gona ɗaya, gabas da wata giginya, ƙasa mai kyau da alkama ke so. Yamma da giginyar gonar Alhaji Modu ce, wadda ciyawar kacala ta cinye rabinta. Kati ya fito ya tsayar da ita yamma, ya tsayar da shi gabas. Kowa a fadamar ya san gaskiya, Alhaji Modu ya fi kowa sani, amma ya ɗaga kafaɗa ya ce shi mai bin doka ne, ƙungiya ta ce kati shi ne hukunci, shi wane ne da zai yi jayayya da na'ura? Ya sa rana, Alhamis mai zuwa tarakta za ta shiga. Sauran manoma suka kau da kai, don su ma taraktar tasa suke jira. 'Yar'azumi ta zo har ofis da katin ƙulle a bakin mayafi, ta kwance ta ajiye a gaban Dibora. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta san inda mijinta ya yi shekara ashirin yana sunkuyo, don haka Malama ta gaya mata da wace ƙasa za ta ciyar da yaran nan bana.

Da magana ta fasu, sai sakatare ya ce ai tsohuwar manhaja ce, tsohuwar kwamfuta ta haife ta, tun can abin ba shi da tabbas, wa ya sani ko katunan shekarun baya ma haka suke. Wannan ita ce maganar da ta hana a yi wannan sanarwa cikin lumana. A zagi Dibora, ta saba, malamar makaranta ce. Amma mamaciyar da ba ta da bakin kare kanta? Wallahi ba a isa ba.

Saboda haka ake sanar da jama'a cewa an baje katunan shekara goma sha ɗaya a kan tabarma, an duba su ɗaya bayan ɗaya. Kowane manomi da hannun dama yake nuna iyakarsa, yadda ɗan mutunci ke yi. Aka baje arba'in ɗin sakatare a gefe: duk bahagwai! Har Liman Auta, dattijon da ko ƙyaure ba ya turawa da hagu, ga shi nan ya miƙe hagu zaƙai-zaƙai yana nuna tsamiya, agogonsa ya yi ƙaura zuwa ɗaya hannun. Da aka kai masa ya gani, ya daɗe yana salati, sannan ya nemi a ba shi sunan wanda ya buga.

Gyaran kuwa bai kai a kira shi aiki ba. Alamar ɗebewa guda ɗaya Dibora ta sa a gaban lambar tsawon hoto a cikin manhajar, mai gaya wa ɓangaren bugawa ya fara daga sama. Ta sake ɗinki, ta buga. 'Yar'azumi ta fito gabas da giginyarta, hannun dama a miƙe. Madannin juya hoto kuma an cire shi daga manhajar baki ɗaya, don gudun masu basira.

Marigayiya ta rasu ta bar firinta, abokin zamanta, wanda tun ranar yake cin takarda bibbiyu saboda alhini. Ta bar allon rubutu da haruffansa uku suka goge, da maus mai wutsiya, da faifanta, da 'yarta tilo, manhajar buga kati, wadda ke nan daram. Batirin ajiyar wuta ya riga ta gidan gaskiya shekara biyu da suka wuce, da yana nan da ba a kai ga wannan rana ba. Baƙuwar kwamfuta ba ta cikin magada. Aiki aka ɗauke ta, ana kuma kan duba halinta.

Za a yi jana'iza ranar Laraba, kwana ɗaya kafin tarakta. Gawa za ta tashi daga ofis ƙarfe bakwai na safe a keke-napep, naɗe da sabuwar atamfa, a bi hanyar Kirikasamma zuwa fadama, a sauke ta a gindin giginya, ta ɓangaren gabas. 'Yan gwangwan kada su wahalar da kansu, ko ƙusa ɗaya ba za su samu ba, bayan taro ɗakin Dibora za ta koma. Abin da za a binne katuna arba'in ne. Duk mai riƙe da ɗaya ya zo da shi, a nan za a musanya masa. Malam Abdulmannan ne zai haƙa ramin, an riga an ara masa shebur. Liman Auta zai yi addu'ar zaman lafiya da albarkar noma, ba ta gawa ba, ya ce a rubuta wannan a fili. Ba a buƙatar a zo da abincin makoki. Mai son yin alheri ya zo da fartanya, don ana shafa addu'a za a shiga gonar 'Yar'azumi a gyara mata wurin watsa iri.

An tanadi tabarma ta musamman a sahun gaba domin Alhaji Modu. In har yana nan kan bakansa cewa kati shi ne hukunci, ba wanda zai tare shi. Ya je ya tsaya inda katinsa ya tsayar da shi, a gaban Liman da jama'a da marayu huɗu, ya ɗaga hannun hagu ya nuna giginyar, ya ce gonar tasa ce. Dibora za ta zo da kyamara.