Ranar da Goggo ta yi magana bakinta a rufe

Duk abin da zan manta a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a falonmu na Garwa ba. Ina aji na uku a lise, wato sakandare, lokacin, kuma a gidanmu an san ni da abu biyu: rashin magana, da sha takwas bisa ashirin da na ci a darasin kwamfuta. (Abin da Baba bai sani ba, da alli malaminmu yake zana mana kwamfutar a allo. Wayoyin da na ci sha takwas a kansu ban taɓa riƙe ko ɗaya ba.)

Goggo, yayar Baba, ta zo daga Kuseri da bidiyon bikin 'yarta a ɗan kile, wannan ɗan abin da ake zuba hotuna a ciki. Ta ce ita ba za ta kalli bikin 'yarta a ƙaramin gilashin kwamfuta ba, sai a tele. Baba ya gyara zama ya nuna ni ya ce, "Uwata za ta haɗa. Ai ita ce injiniyar gidan nan."

Kafin la'asar falo ya cika da maƙwabta, har da Madam Marta mai ɗinki. Mama ta kawo folere, wato zoɓo, mai sanyi. Ni kuma na rungumo akwatin kwamfuta daga ɗaki kamar mai ɗauko ragon suna.

Hoton bai ba ni wahala ba. Na soka waya mai shuɗin kai a bayan akwatin, ɗayan kan a bayan tele, na murɗa kusoshinta, na danna rimot har amarya ta bayyana. Aka yi tafi. Baba ya kalli jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai amarya tana ta motsa baki, makaɗa suna ta duka, ba a jin komai.

"Bikin kurame kuka yi ne, Hajiya?" in ji Madam Marta.

Goggo ta ja tsaki. "A Kuseri da murya yake."

Gumi ya karyo mini. Na ƙure ƙarar tele har ƙarshe. Shiru. Na buɗe wajen sauraren waƙoƙi don in gwada, shi ma shiru, na bar shi a buɗe. Can na tuna zanen malam: shuɗiyar waya hoto kawai take ɗauka, murya tana da nata ƙaramin rami kore. Na leƙa, ashe abin sawa a kunne ne a soke a ramin. Na zare shi, na soka siririyar wayar da ke zuwa tele.

A nan dole in yi muku wani bayani. Mutum marar magana, mantawa ake yi yana wuri, sai a yi ta zance a gabansa. Ni kuwa ina ji, ina adanawa. In kowa ya fita sai in kunna kwamfuta in kwaikwayi muryoyin mutanen gida, in naɗa, in saurara, in yi dariyata ni kaɗai. Abin da na saurara a ƙarshe, shi wajen waƙoƙin nan ya ci gaba da shi tun ɗazu, yana ta maimaitawa.

Tele ta fashe da muryar Goggo, har gilashin taga ya amsa:

"Kai, wannan foleren matar Alhaji, sukari leƙawa kawai ya yi ya wuce! Ni dai mi yiɗaa, ba na so!"

A tele ga Goggo tana rawa da murmushi. A kujera ga Goggo, bakinta cike da goro, kofin folere a hannu. Mama ta ajiye faranti a hankali.

"Yaya, a gaban mai ɗaukar hoto kika faɗi haka?"

"Wallahi a kicin kawai na..." Goggo ta kama bakinta.

Ni kuwa ina durƙushe a bayan tele. Da na yi shiru, da Goggo ce za ta ɗauki laifin. Amma kafin in yanke shawara sai aka ji gyaran murya irin na Baba, sau biyu, da ɗan tarin nan nasa:

"Mu a zamaninmu, da ƙafa muke zuwa garin Poli mu dawo mu yi azahar."

Sannan aka ji wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce da faransanci, "Na gaba, Madam Marta."

"Kashe! Kashe!" Madam Marta ta miƙe tsaye.

Na fizge wayar. Duk idanu suka juyo bayan tele. Baba ya ce, "Uwata, ke ce?" Na ce, "Ni ce," da muryata ta gaskiya, wadda rabin falon ba su taɓa ji ba.

Goggo ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙa wa Mama kofi ta ce, "To, tunda an riga an faɗa, ƙara sukarin." Ta juyo wajena. "Ke kuma munafuka, mayar da wayar. Ni an ji nawa, Alhaji an ji nasa, Marta ba za ta tsira ba."

Ba a kalli bikin ba ranar sai bayan an saurari kowa. Tun daga nan, in na shigo kicin sai a yi tsit, wani ya ce, "Tele ta zo."

Darasin da na koya, wanda malam bai zana mana a allo ba: kafin ki soka waya a koren rami, ki rage ƙara, ki kuma duba abin da kika bari a buɗe.