Motar Haya a Ƙofar Kaka

"Lafiya lau, amarya, ashe ke ce. Na ji an tsaya a ƙofar gida ba ƙara ba hayaƙi, na ɗauka masu yanke wuta ne."

Kaka na zaune a kujerar roba, kusa da tsohuwar motarsa da ke kan bulo an lulluɓe ta da tamfol. Tsohon direba ne, don haka idonsa ya riga bakinsa isa kan farar motar da jikarsa ta faka. Ma'aikaciyar jinya ce, shi kuwa Mai Allura yake ce mata. Kwana biyu ba ta leƙo ba, abin yana cin sa, amma ya gwammace a cire masa haƙori da ya faɗa.

"Tashi ka sa albarka, ango. Ko gwiwar ta ƙi?"

"Gwiwata ƙalau. Nawa kika saye ta?"

"Ban saya ba. Haya na ɗauka a kamfani, shekara uku."

Kaka ya tafa hannu. "Aro ke nan. Na auri mai aron mota."

"Haya na ce. Na ba da kafin alƙalami, ina biya wata-wata. Da saye ne, abin da zan riƙa biya sai ya cinye albashina har da na sabulunka."

"In shekara ukun ta cika fa?"

"In mayar musu, in ɗauko sabuwa."

"Ki biya, ki biya, ki fito da mayafinki kawai. Ni tawa da na gama biya, tawa ce har ƙusar taya."

"Wace taya? Taka da ke kan bulo? Kaji ne ke haya a ciki, su ma ba sa biya."

"Hutawa take yi."

"Tun ina firamare take hutawa. Ni in tawa ta yi tari, kamfani ke kai ta gareji. Kai makanikinka da kuɗinka ya yi ɗakin sama."

Wannan ta shige shi, don gaskiya ce. Ya miƙe da sandarsa, ya zagaya motar yana neman aibi, bai samu ba. Ya kai hannu zai ƙwanƙwasa ƙofa, ta riƙe masa hannun riga.

"A hankali, tsoho. Ko ƙwarzane suka gani ranar mayarwa, sai sun caje ni."

"Mota ce ko jaririya? To me kuma suka hana? Atishawa?"

"Tafiya ma da iyaka. Akwai kilomitar da aka yanka mini a shekara. In na wuce, kowace da kuɗinta."

Nan Kaka ya bar zolaya. Ya san nisan asibitinta, ya kuma san gidansa can ƙarshen gari yake, inda kwalta ta ƙare. Ya juya yana gyara tamfol ɗin da bai goce ba.

"To ai shi ke nan. Sai ki riƙa kirana a waya. Dama surutunki hana ni barcin rana yake."

Mai Allura ta dube shi ta gefen ido. "Ka makara. Akwai mai ƙaramar iyaka, mai araha, na ƙi. Na ce musu ina da wani tsoho mai rigima a bayan gari, duk Asabar sai na je na auna masa jini. Suka ƙara mini kuɗi saboda kai. Ko a takarda tsada gare ka."

Kaka ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"An cuce ki," ya ce. "Tsohon nan bai kai haka ba."

"Na faɗa musu. Suka ce ba a mayar da shi."

Dariya ta ƙwace masa har sandar ta faɗi. Ya buɗe ƙofar gaba da yatsa biyu, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a bakin kwata, sannan ya shiga ya zauna a ɗofane.

"Ja mu je, amarya. Kai ni shagon mai aski ki dawo da ni. Amma bi ta gajeriyar hanya, kar in ƙarar miki da Asabar."