Rasuwar Faifan Malam Hambali a Gonar Gero

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kuma haushin da har yau bai sauka ba, ni Mansura, matar marigayi Malam Hambali direba, nake sanar da 'yan uwa na Birnin Kudu da Gwaram rasuwar faifan fim ɗinmu, wanda ya cika a wata gonar gero a Fagam, rataye a jikin sanda.

Marigayin ya shigo gidan nan ne a aljihun Malam, wanda ya tsinto shi a baron wani mai sayar da fayafayai a tasha. Labarin wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya bi ta ramin dutse, ya ɓulla a zamanin da ko ubansa ba a haifa ba. Can ya haɗu da wata mai ɗinki a bakin tasha. Hanyar komawa gida ta buɗe masa, ya tsaya ya dube ta, ya ƙi tafiya. Ya bar lantarki da asibiti da duk wanda ya sani, ya tsufa a gefenta. Wanda ya ga wurin da take gyara masa wuyan riga bai ji komai ba, ya je a duba masa ƙirji.

Ba mu jin yarensu, Malam ma ba ya ji, amma shi yake fassara mana. Mutumin da bai taɓa kiran sunana a gaban mutane ba, in aka zo wurin gyaran wuyan rigar nan sai ya ƙura wa talabijin ido ya ce, "Cewa yake, tun da na same ki ban ƙara sha'awar hanya ba." Wani kallon kuma a wannan wurin ya ce, "Cewa yake, abincin kowa ba ya min daɗi sai naki." Na daɗe da gane mai maganar, ban dai taɓa nuna masa ba.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya jure ɗauke wuta, ya jure hannun mai maiƙo. Da tsufa ya kama shi, yakan yi "kirr, kirr" kafin ya tashi, sai a huro masa iska a goge shi da gefen zane, ya ci gaba ba ƙorafi. Bayan rasuwar Malam, ni da Hapsatu da Dada, maƙwabtana, muka riƙa kunna shi ranar Juma'a da yamma. In aka zo wurin fassara, babu mai yi mana ita.

Ciwon ajalinsa sunansa Ƙasimu, ƙanen Malam. Ya zo ya ce a ara masa, matarsa tana son gani. Sai bayan ya tafi na tuna ko abin kunnawa ba su da shi. Ashe wani ne ya gaya masa ƙyallin faifai yana korar tsuntsaye. Duk da ramin da marigayin yake da shi a tsakiya, sai da wannan masani ya sa ƙusa ya huda masa wani. Rana ta gasa shi, ruwa ya dake shi, har ya lanƙwashe ya tsage. Bayan girbi Ƙasimu ya dawo min da gawar a bakin buhu, yana murmushi.

"Yaya, ai roba ce," in ji shi. "Kuma wallahi ta yi aiki."

Marigayin ya bar kwalinsa mai hoton jirgi, da na'urar kunnawa wadda yanzu ba ta da wanda za ta buɗe wa baki, da mata uku da ba su san inda za su kai Juma'arsu ba.

Ina roƙon masu zuwa ta'aziyya su daina miƙo min waya suna cewa ai ga shi nan, har da fassarar Hausa. 'Yata Sharifa ta riga ta kunna min. A wurin nan da na faɗa, jarumin cewa ya yi jirgin zai makara. Ku riƙe fassararku, Allah Ya amfana muku.

Za a binne shi ranar Asabar bayan la'asar, a gindin mangwaron bayan gida. Ba za a yi masa salla ba, mun san iyakarmu. Hapsatu za ta naɗe shi a tsohon hankicin Malam, Dada za ta dama kunu. Ƙasimu ya aiko yana tambaya ko za a ba shi ɓaraguzan, wai dawarsa ta fara nuna. An amsa masa: ya je ya tsaya a tsakiyar gonar da kansa, ya buɗe hannuwa. Ba sai an huda shi ba.