Ɗacin da Mama Zoila Ta Dawo da Shi

"Sannu da gida, tsohuwa mai ran ƙarfe. Har yanzu kina nan?"

"Ina nan, angona. Sai na ga sanƙonka ya kai ƙeya."

Ina jin su ta kan katanga. Wilmer ne, jikan maƙwabciyata Mama Zoila, ya hauro daga birnin Latacunga. Shekara bakwai yana aikin zaɓen irin chocho, waken nan namu mai ɗaci, yana neman wanda za a ci ba sai an dafa shi an jiƙa a rafi kwana biyar ba. Bara ya kawo mata sabon irin, ta shuka. A da duk Asabar yakan zo ya kai mata buhu rafi, amma tun da ya kawo irin nan ƙafarsa ta ɗauke. Unguwarmu gida shida ce, huɗu a kulle, masu su suna can birnin Quito. Ni kaina kewar hayaniyarsu ta dame ni.

Ya ɗebi ƙwaya a tabarmar shanya, ya tauna, ya tofar.

"Kaka, wannan ai maɗaci ne."

"Bakinka ne. Abincin birni ya kashe maka harshe."

"Irina ba ya ɗaci. Ga gina jiki, ga laushi. Ko ke da haƙoranki uku za ki iya da shi."

"Huɗu ne. Ƙirga da kyau, mai digiri."

"Na ga karan tsohon iri a bakin gonar. Ban ce ki nisanta su ba? Ƙudan zuma sun gauraya min su."

"Ni na aike su? Je ka kai ƙararsu."

"Layi uku, Kaka, a miƙe kamar an ja da zare. Zuma ne suka shuka?"

"Ruwan ɗacin nake wa tumakina wankan kaska. Naka kuwa ko ƙwaro ba ya tsoronsa. Lami ne, kamar mai shi."

"Tumaki biyu gare ki, kuma ɗayar ta girme ni."

"Ta kuma fi ka zumunci. Kullum tana gida."

Mama Zoila ta ci gaba da tsince tsakuwa, ba ta ɗago ba.

"Da mu tara ne a bakin rafin nan," in ji ta. "Petrona ce ta ƙarshe, mun kai ta makwancinta a watan shuka. Kai ka ce in ba ɗaci, ba rafi. To in ba rafi, ba buhu. Me zai hauro da kai?"

Tausayinta ya kama ni har na daina leƙe. Da na sake dubawa, ya riga ya saɓa buhun dafaffen waken da ke jingine a bakin ƙofa.

"Kin cinye ni, tsohuwa," ya ce yana dariya. "Amma kin kashe min shekara guda."

Ta zaro ƙullin tsumma daga zaninta ta jefa masa.

"Tauna."

Ya tauna, bai tofar ba.

"Bayan dutse na shuka rabin naka, inda zuma ba sa zuwa. Kwando biyu ne."

"Ina suke?"

"Asabar in ka zo ɗauko buhun, sai in tuna inda na ajiye ɗaya."