Yadda Ake Sa wa Motar Maigida Giyar Hannu Don Kada Ya Sallami Direba

Kai direba, matso kusa. In maigidanka ya sayo irin motar nan da ke canja giya da kanta, ba kuloci, ba sandar giya, daga totur sai birki, to ga yadda za ka mayar da ita ta hannu. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan daki-daki, babu mahaluƙin da zai ƙwace maka sitiyari da sauƙi. An gwada a Haɗejiya, saura shekara uku Turawa su tattara komatsansu, kuma abin ya yi aiki fiye da yadda aka so. Wanda ya gwada shi ne Umara, direban Alhaji Fannami mai fataucin bandar kifi, wanda ya shekara goma sha tara yana jan kitika, tsohuwar motar ɗaukar kaya ta Alhaji, cikin lakar fadama.

1. Fara da tsorata

Ranar da aka sauko da motar daga jirgin ƙasa a Malam Madori, Umara ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga abin takawa biyu rak. Ya sake ƙirgawa, biyu dai. Alhaji, wanda ya saye ta a Kano hannun wani Baturen kamfanin gyaɗa mai shirin komawa gida, ya shafa gemu ya ce, "Umara, wannan ko ni sai in tuƙa ta." Umara ya tsorata. Mutum mai iyali tara, in maigida ya iya tuƙi, ina zai sa kansa? Kai ma ka tsorata haka. Wanda bai tsorata ba ba ya huda motar mutane.

2. Kada ka tambayi maigida dalilin sayenta

Tambaya tana kawo amsa, amsa kuwa tana ɓata shiri. Mairam matar Umara ta ce, "Malam, da ka tambaye shi mana, baki shi ke yanka wuya, amma shi ke warware ƙulli." Ya ce ta bar maganar mota ga masu mota.

Haka kuma ka ɓoye lalurarka. Tun shekarar da kurkunu ya fito wa Umara a gwiwar hagu, ƙafar ta sage, duk takun kuloci sai ya ji kamar an soka masa tsinke. Dabararsa ita ce, duk sanda zai taka, sai ya danna ham don ya rufe nishinsa. Mutanen gari har sun saba, in sun ji ham sau uku a jere sai su ce ga kifin Alhaji ya iso. Umara ya tabbata babu wanda ya gano shi.

3. Ɓata wa motar suna

Nemo laifin da ke da ƙamshin gaskiya. Irin wannan mota, in batir ya kwanta, da wuya turi ya tashe ta. Faɗi haka a tasha, faɗi a bakin kogi wajen masunta, sa'an nan ka isar wa maigida da ladabi. Umara ya durƙusa ya ce, "Alhaji, motar da ba ta jin turi, in ta mace mana tsakanin nan da Miga ruwa ya kewaye hanya, kifin nan ruɓewa zai yi." Alhaji ya dube shi ya daɗe, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Kai ne mai tuƙi. Abin da zai fi maka sauƙi shi za a yi." Idan maigida ya faɗi haka, kada ka tsaya nazarin maganar. Tashi ka tafi.

4. Samo bakaniken da bai taɓa ganin irinta ba

Wanda ya taɓa gani zai hana ka. Gwadabe bakanike kuwa bai taɓa cewa bai iya ba tun da uwarsa ta haife shi. Ya zagaya motar sau ɗaya ya ce, "Ƙaramin aiki ne, ciwon Turawa ne kawai ke damunta, wato lalaci." Ya ciro giyabos da faifan kuloci daga tsohuwar kitika, ya sa wa sabuwar motar a madadin nata. Farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, ta yi tsawo, aka kai maƙera aka rage ta. Ramukan noti suka ƙi haɗuwa, aka huda sababbi. Aka fasa ƙasan motar da kurfi don sandar giya ta sami wurin fitowa, ramin ya ɗan zarce, aka toshe da buhu. Sati uku ana abu ɗaya. Noti bakwai suka yi saura, Gwadabe ya ce dama Bature yakan sa fiye da kima.

5. Kawar da giyabos ɗinta na asali

Wannan shi ne matakin da malalata ke tsallakewa. Muddin yana nan, wata rana za a ce a mayar. Umara ya sa aka farke shi, aka tarar da 'yan ƙarafa ƙanana kamar ƙwan kifi, ya raba wa masunta suka ɗaura a bakin birgi, ragar kamun kifi, don ya riƙa nutsewa da sauri. Ƙoƙon giyabos ɗin kuwa Mairam ta samu, tana ba agwagi ruwa a ciki. Yanzu ko Baturen da ya ƙera ta ya zo, sai dai ya yi sallama ya koma.

6. Ƙara wa kuloci tauri

Umara ya ce, "Gwadabe, so nake in Alhaji ya taka ya ji kamar ya taka dutse." Gwadabe ya sa masa sifirin na babbar lori, ya ƙara da na biyu don albarka. Alhaji ya zo ya gwada, ya taka, ya cije, abin ko motsi. Ya fito yana haki. A ranar Umara ya ci tuwo malmala uku saboda murna.

7. Gwada ta ranar kasuwa, da kaya, da maigida a ciki

Ranar kasuwar Kafin Hausa suka ɗora kwandunan kifi suka kama hanya da hantsi. Umara ya taka kuloci na farko, ya danna ham. Na biyu, ham. Kafin su bar ganuwar gari gumi ya jiƙa masa riga. Da suka iso inda ruwan fadama ya malale hanya, wajen da dole a sauko giya ta ɗaya, ya tattara ƙarfinsa ya taka. Gwiwar ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya sa hannu biyu ya danna cinyar, ya manta da ham, nishin ya fito fili kowa ya ji. Mota ta yi tari ta mutu a tsakiyar laka.

Abin farin ciki, yanzu tana jin turi. Manoman shinkafa goma sha ɗaya suka tabbatar da haka.

8. In maigida ya yi magana, saurara, ko da yake an makara

Ana cikin turin, Alhaji na zaune a gefen Umara, ya ce a hankali, "Umara, shekara biyu ina jin nishin nan a ƙarƙashin ham ɗinka. Ni me zan yi da tuƙi da tsufana? Na ce wa mutanen Kano su nemo mini motar da ba ta bukatar ƙafar hagu. Taka ce na saya."

Kunya da baƙin ciki suka kama Umara. Can ya ce, "Alhaji, me ya hana ka faɗa mini?"

"Kai ka ɓoye, ni kuma in tona?"

Alhaji bai sallame shi ba. Ya ba shi kula da rumfar banda a bakin kogi, da tabarma da inuwar giginya, inda zai miƙe ƙafa. Motar kuwa Gwadabe ke jan ta, don duk ƙasar Haɗejiya ƙafarsa kaɗai ke iya kulocin. Kullum in ta wuce kan hanyar Miga, Umara yakan daina juya kifi ya kasa kunne, ya ce, "Ya yi saurin sa ta uku." Sai ya ci gaba da juya kifinsa.

Gargaɗi

Ni dai alkawarina na cika, maigida bai iya tuƙa motar ba har ya koma ga Allah. Abin da ya sami gwiwarka, ko motar mutane, ko tuwon iyalinka, babu hannuna babu ƙafata, musamman ta hagu. Mai neman giyabos na asali ya tambayi masunta, su ma su tambayi kogi.